Zuwa ga Edita: Kayan da aka ɗora wa jif ba su ne kuɗinta ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da ma'aikatanka, Allah Ya ƙara muku basira da juriya. Fili nake nema a jaridarka in yi magana da masu manyan motocin nan na shiga daji, jif-jif masu ja da tayoyi huɗu, musamman waɗanda suka yi niyyar sayarwa da hannunsu ba tare da sun kai wurin masu sayar da motoci ba. Akwai wani lissafi da ya zama ruwan dare a garin nan. Shi ke sa mota ta shekara a ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol, idan kuwa ta gado ce har zumunci yake ɓatawa. Mutum zai ɗauko kuɗin da ya sayi motar, ya haɗa da na bambar ƙarfe, da na fitilu, da na manyan tayoyi, da na kariyar ɗora kaya a saman mota, ya duba inda dala ta kai yau ya ninka, sannan ya ce ga kuɗin motarsa, ko sisi ba ragi. Wannan lissafin abin da ya fita daga aljihunsa ne. Abin da zai shigo kuwa kasuwa ce ke yankewa, ita kuma ba ta karanta rasit.

Ni ba dillalin mota ba ne, hatsi nake sayarwa a Dawanau tun ina saurayi. Abin da ya jefa ni cikin wannan harka shi ne rasuwar yayana bara, Allah Ya jiƙansa da rahama. Dangi suka ɗora mini tattara abin da ya bari kafin a kira malamai su raba. Cikin dukiyar akwai Toyota Prado ƙirar 2008, mai shan fetur, injinta silinda shida mai lita 4. Marigayin manomi ne na gaske. Gonarsa tana wajen Doguwa, sai an keta dajin Falgore, kuma wanda ya taɓa bin hanyoyin ƙauyukan can a watan Agusta ba zai tambayi dalilin shirin da ya yi wa motar ba. Ya cire bambarta ta gaba ya sa ta ƙarfe, ya ɗaura mata winci mai igiyar ƙarfe don ta fitar da kanta idan ta kafe a laka, ya ɗaga ta sama da wasu shokazoba da sifirin, ya sa tayoyi masu manyan haƙora, kariya a bisa, doguwar fitila a goshi, bututun shaƙar iska da ya bi gefen gilashi ya hau, batir na biyu da ɗan firij a baya, sai baƙin gilashi. Mutum ne mai adana takarda, kowane abu da rasit ɗinsa a cikin wata jakar fata.

Wannan jakar babban ɗansa ya zazzage a kan tabarma ranar da muka zauna, ya buga lissafi a waya, ya ce, "Baffa, motar nan ba za ta bar gidan nan a ƙasa da miliyan 26 ba. Kayan jikinta kaɗai, in yau za a saya, sun haura miliyan 6." Ban ga laifinsa ba. Motar mahaifinsa ce, a cikinta ya koyi tuƙi. Na ce masa, "Ɗana, ka sha zuwa wurina a kasuwa. Ka taɓa jin na tambayi manomi nawa ya sayi taki kafin in taya masararsa? Buhu yana da kuɗinsa na ranar. Da wanda ya zuba taki buhu goma da wanda ya zuba biyu, in ƙwayar ɗaya ce, kuɗinsu ɗaya." Ya yi shiru, amma na ga bai gamsu ba. Sai na ce mu bar gardama, mu fita tare mu ji bakin kasuwa.

Abin da muka fara nema shi ne kuɗin motar tsurarta, a ce ba a ɗora mata komai ba. A nan mutane ke yaudarar kansu da tallan da suke gani a Facebook da WhatsApp. Abin da aka rubuta a talla kuɗin da mai mota yake fata ne, abin da aka ƙirga ranar sallamawa kuwa ba a rubuta shi a ko'ina. Wata motar za ka ga wata da watanni ana juya hotonta da kuɗi ɗaya, wannan kaɗai ya isa ya gaya maka kuɗin bai karɓu ba. Mun zaga wuraren masu sayar da motoci na titin Zariya da titin Maiduguri mun ji abin da suke kira, sannan na nemi wani tsohon abokin arziki da ke harkar ya gaya mini tsakani da Allah nawa irinta ta fita a hannunsa a watannin. Kuma "irinta" tana da sharuɗɗa. Prado ta 2008 tana cikin ƙirar da Toyota ta yi daga 2002 zuwa 2009. Daga 2009 aka shiga wata ƙirar daban wadda ta kai har 2023, kuɗinsu ba ya haɗuwa ko kusa. A ƙira ɗaya ma akwai mai silinda huɗu lita 2.7, akwai mai shida, akwai mai shan dizal. Sannan Beljiyam da ba a taɓa hawa a ƙasar nan ba ajinta daban da ta hannu, tamu kuwa ta hannu ce da ta sha hanyar Doguwa ta ƙoshi. Da muka tace, irinta tsura mai lafiya tana fita tsakanin miliyan 15 zuwa 17 a lokacin.

Maganar dala ita ce ta fi rikita mutane, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Marigayin ya sayi motar a 2019 a kan miliyan 8, lokacin dala tana wajen naira 360. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da hukuma ke sayarwa wajen 460 ta yi ta hawa har ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin fito na kwastan da dala ake auna shi, saboda haka duk motar da ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas da sabon kuɗi ta sauka, ita kuma ta ja na hannu sama. Wannan gaskiya ne, shi ya sa motar miliyan 8 ake taya ta 16 bayan ta ƙara tsufa. Amma wanda ya ɗauka riba ce ya sake lissafi. Miliyan 8 a 2019 ta haura dala dubu 22. Miliyan 16 a kan 1,500 ba ta cika dala dubu 11 ba. Motar ta zubar da rabin darajarta kamar yadda tsohuwar mota ta saba, naira ce kawai ta fi ta saurin gangarowa. Inda ake ɓata lissafi shi ne mutum ya ce tunda dala ta ninka sau huɗu, motarsa ma ta ninka sau huɗu. Aljihun wanda zai saya bai ninka ba, ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa.

Ga kuma fetur yana ja ta ɗaya gefen. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Prado ɗinmu mai tanki biyu ce, lita 180 take ci in za a cika ta. A da ƙasa da dubu 36 ta isa, a kan naira 1,000 kuwa dubu 180 ke nan, cikawa ɗaya. Duk wanda ya zo ganin motar, kafin ya tambayi inji ko giya, abin da yake fara cewa shi ne, "Alhaji, ya shan manta?" Kuma kusan duk abin da marigayin ya ɗora mata ƙara mata shan mai yake yi. Bamba da winci nauyi ne a gaba, kariya tana tare iska ko babu kaya a kanta, tayoyi masu haƙora sun fi wahalar juyawa a kan kwalta, ga ƙugi. To ka ga abin da magada ke ƙirgawa a ƙari, mai saye a ragi yake ƙirga shi.

Wanda ya warware mana zaren shi ne bakaniken da ya daɗe yana duba wa marigayin motar a Ƙofar Ruwa. Ya zagaye ta, ya shiga ƙarƙashinta, ya fito yana goge hannu ya ce, "Alhaji, duk abin da sifana za ta iya kwancewa a kwance shi a sayar daban. Masu son Prado sun fi masu son winci yawa, kuma ba lallai su zama mutum ɗaya ba." Ya yi gaskiya. Mafi yawan masu neman irin wannan mota a Kano daga gida zuwa ofis ko shago za su je da ita, sai ɗaurin aure a Katsina ko Dutse ranar Asabar. Wanda ba zai taɓa warware igiyar winci ba, don me zai biya kuɗinta? Amma akwai ɗan kwangilar da ke haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka, akwai manomin shinkafa a fadamun Haɗejiya, yana da motarsa, wincin kaɗai yake nema, kuma zai biya da farin ciki. In ka haɗa mota da kayanta a kuɗi ɗaya, ka kori na farko da tsada, ka kori na biyu da motar da ba ya buƙata.

Sa'ar da muka yi ita ce marigayin bai yar da bambar kamfani ba. Tana ɗakin ajiya tare da sifirin na asali, ƙura kawai muka kakkaɓe. Ina jan hankalin duk mai shirin yi wa motarsa irin wannan aiki da ya ajiye abin da ya cire, ko a rufin ɗaki ne, ranar sayarwa zai gode wa kansa. Muka mayar da bambar asali. Ta ƙarfen da wincin wani ɗan kwangila ya saya, kariya ta tafi wurin wani, firij da batir wurin wani. Jimillar abin da kayan suka kawo miliyan 2 da ɗan ɗoriya, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sababbinsu. Ɗan yayana ya ce an yi asara. Na ce masa wannan ne kuɗinsu na gaskiya, domin mai buƙatarsu ne ya biya, ba wanda aka haɗa masa dole ba.

Doguwar fitilar nan kuwa ba kuɗi ta kawo ba, kuɗi ta ci. Mai gyaran wayoyin mota da ya sa ta tun can baya ya yanki wayoyin asali ya yi ta haɗawa da salatif, wani wurin ko fiyus babu. Winci da batir na biyu wuta mai yawa suke ja, in aikin ba na ƙwarai ba ne nan gobarar mota ke farawa. Mai saye da ya zo da bakanikensa, da zarar an buɗe gaba ya ga wayoyi sun yi cirko-cirko, a ransa ya riga ya zaftare kuɗi. Sai da muka biya aka mayar da wayoyin yadda kamfani ya yi su.

Sai abin da sifana ba ta iya gyarawa. Bututun shaƙar iskar nan sai an huda jikin motar ake sa shi, in ka cire rami ne zai rage. Muka bar shi. Amfaninsa ma ya wuce ruwa, domin yana ɗauko iska daga sama inda ƙura ba ta kai ta ƙasa yawa ba, abin da ke da daɗi ga inji a hanyar birji lokacin hunturu. Amma mai saye abu ɗaya yake karantawa a jikinsa, cewa motar nan ta shiga ruwa. Kuma ta shiga, rafuffukan can ba su da gada duka. Abin da muka yi shi ne muka ce wa kowa ya ɗaga kafet ya shinshina, ya duba ƙarƙashin kujeru ko akwai tsatsa, ya sa a kwance masa man aksul ya gani, domin in ruwa ya shiga sai man ya yi fari-fari. Namu baƙi ne lafiyayye, ya kuwa kashe maganar.

Ɗaga motar ma haka. A laka da kwazazzabo yana da rana, amma yana ƙara mata tangaɗi a kwana, yana kuma gajiyar da ƙafa da robar shaf saboda an canza musu zama. Hajiya, matar marigayin, da ta ji muna maganar ta ce, "Baffan yara, ai ni tun da ya ɗaga ta ban ƙara shiga ba sai an kawo mini kujera 'yar tsugunno." Muka yi dariya, amma maganar kasuwa ta faɗa, domin mai saye yana da iyali, yana da tsohuwa da zai kai asibiti. Muka mayar da ita tsayinta na asali.

A kan tayoyi mutane biyu na ga sun yi musu har da rantsuwa, alhali amsar tana rubuce a jikin tayar. Kowace taya tana da lambobi huɗu a gefe, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, a mako na 23 na shekarar 2019 aka yi ta. Haƙoranta na iya zama cif, amma roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, balle a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi. Namu sun haura shekara biyar, saboda haka ban sa musu ko kwabo a lissafi ba. Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba. Tayar asali ta wannan Prado 265/65 ce a rim 17, marigayin ya koma 265/70. Babbar taya tana cin ƙasa fiye da ƙarama a juyi ɗaya, don haka mita tana ƙirga ƙasa da tafiyar da aka yi, da kusan kashi 3 cikin 100. Ba wani abu mai yawa ba ne, amma na faɗa wa masu saye, domin mitar mota a ƙasar nan dama ba a cika yarda da ita ba.

Baƙin gilashi muka ɓare shi. Izinin 'yan sanda da sunan marigayin yake, kuma ba kowa ke son yawan tsayawa a shingen bincike ba. A ra'ayina ma zamanin da mutum ke son motarsa ta yi kama da ta jami'an tsaro ko ta babban ɗan siyasa ya wuce ga mai hankali. Wanda zai bi hanyar Kaduna ko ta Falgore da yamma ya fi son motar da ido ba ya tsayawa a kanta.

To me ya ɗaga kuɗin motar? Abubuwan da ɗan yayana bai sa a lissafinsa ba sam. Jakar fatar nan, banda rasit ɗin ƙyale-ƙyale, tana ɗauke da tarihin juyen baƙin mai da kwanan wata, da ranar da aka canza lagireto, da ranar da aka yi ƙafa. Ba a sayar da Prado da wannan suna a Amurka a wancan zamani ba, 'yar uwarta Lexus GX 470 ce ake kai musu, shi ya sa yawancin namu daga Dubai ko Turai suke, kuma rahoton tarihin da ake ciro wa motocin Amurka da lambar shasi ba kasafai ake samun irinsa a kansu ba. Takardar da ke hannunka ita ce shaida. Na biyu, iyakwandishan mai sanyi har baya, wanda a Kano ya fi winci goma. Na uku, giyar ogzilari tana shiga tana fita ba gardama. Irin wannan Prado kullum da tayoyi huɗu take ja, amma tana da ƙaramar giya da makullin tsakiya don laka da yashi, kuma motocin cikin gari da ba a taɓa taɓa musu ita ba sau da yawa ta riga ta ƙage. Mun kai masu saye wani fili mai yashi a bayan gari sun gwada da hannunsu.

Aibinta ma mun faɗa kafin a tambaya: dashbod ya tsattsage da rana, an taɓa fenti a ƙofar baya ta dama, sitiyari yana ɗan zubar da mai. Wani ya ce mini wannan ba dabarar ciniki ba ce. Na tuna masa hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Hakim ɗan Hizam, cewa mai saye da mai sayarwa in sun yi gaskiya sun bayyana, ana sa albarka a cinikinsu, in sun ɓoye sun yi ƙarya a shafe albarkar. Ko ta fuskar kasuwa ma, aibin da ka faɗa da bakinka kuɗin gyaransa kawai ake cirewa. Wanda mai saye ya tono da kansa kuwa, sai ya cire har da na waɗanda yake zargin ka ɓoye.

Takardu ba sa buƙatar dogon bayani. A ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma a 2022 kwastan ta koma auna kuɗin fito da lambar shasi. Motar da takardar kwastan ɗinta ba ta da tabbas, ko zinariya ka ɗora mata kuɗinta ya faɗi. A duba lambar shasi da ke jikin ƙarfe ta yi daidai da ta takarda. Masu canza wa Prado ta 2010 fuska ta koma kamar ta 2018 su ma su ji da kyau: fitila da bamba sun canza, shekarar da ke takarda tana nan, kuma ita ake saye.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci. Da labari ya bazu cewa motar gado ce, sai wasu suka ɗauka gidan a matse yake. Wani dillali ya turo mutane bi da bi, wannan ya taya miliyan 11, gobe wani ya taya 11 da rabi, don gwiwarmu ta yi sanyi shi kuma ya zo da 13 a matsayin mai ceto. Asirin ya tonu da na ga biyu daga cikinsu a motarsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya taya kayan da ba ya nufin saye don ya ingiza wani, to ina ga wanda ya yi hayar masu tayi don ya karya dukiyar marayu? Cikin magadan nan akwai yara uku da ba su balaga ba, kuma aya ta 152 a Suratul An'am ta hana kusantar dukiyar maraya sai ta hanyar da ta fi kyau. Wannan ayar ta hau kaina ni ma ta fuska biyu. Ba ni da ikon karyar da motar don in huta, ba ni kuma da ikon kafewa a kan miliyan 26 tana zaune batir yana mutuwa, ɓeraye suna cin waya, lasin da inshora suna ƙarewa, naira tana zagwanyewa, ga bashin marigayi da dole a biya kafin a raba komai.

Ba duka dillalai nake nufi ba. Na ƙwarai ya san wani Alhaji a Azare ko Gusau da ke neman irin motarka tun watan jiya, wannan sanin kuwa ya cancanci la'ada. A dai yanke ta tun farko a gaban shaidu, a kuma amince cewa mai mota da mai saye za su haɗu su ji kuɗin da bakin juna. Dillalin da ya ƙi a haɗu, akwai abin da ya ɗora a kai.

Mun sa kuɗin kira miliyan 18 da rabi, muka amince a cikin gida, har da Hajiya, cewa ƙasa da 16 da rabi albarka ce. Na zaɓi mu fitar da ita gab da faɗuwar damina, lokacin da masu gonaki ke tuna laka, ba cikin azumi ko lokacin biyan kujerar Hajji ba da kowa ke neman kuɗi a hannu. Wani manomi ya taya 16, muka ce albarka, ya tafi ya dawo da bakanikensa, muka sallama a miliyan 17 da dubu 200. In aka haɗa da kuɗin kayan da aka kwance, abin ya haura miliyan 19. Mafi tsadar tayin da muka samu lokacin tana ɗauke da kayanta duka miliyan 15 ne. A banki muka yi biyan, sai da ma'aikacin ya tabbatar kuɗin sun zauna kafin makulli ya bar hannuna, domin alat na bogi ya yi yawa. Aka rubuta yarjejeniya da shaidu biyu-biyu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da kafa shaida a ciniki, muka cire layin na'urar bin sawun mota, muka kuma tsaya sai da aka sauya sunan mallaka. Kada wanda ya yi sakaci da wannan na ƙarshe. Motar da ke yawo da sunanka, duk abin da aka aikata da ita ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.

Malam Edita, roƙona biyu ne. Shafinku na kasuwanci ya riƙa aika wakili wurin masu sayar da motoci ko sau ɗaya a wata, ya kawo mana kuɗin da aka sallama Hilux da Prado da Pajero na hannu, da shekararsu da injinsu, ba kuɗin da aka kira ba. Magada da yawa ba su da abokin da zai gaya musu gaskiya kamar yadda na samu. Na biyu, ina so malaman shafin fatawa su yi mana bayani a kan wannan: idan ɗaya daga cikin magada ya ce shi zai riƙe motar a cikin rabonsa, wa ya kamata ya yi mata kuɗi, kuma da kayanta za a ƙiyasta ta ko tsurarta, tunda kamar yadda na nuna kuɗin biyu ba ɗaya ba ne? Akwai wani gida a unguwarmu da wannan tambayar ta tsayar musu da rabo tun kafin babbar sallah.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan kasuwar hatsi,
Kurna, Kano.